Lissafin aiki da lokaci: Yadda ɗalibin Birnin Gwari zai warware shi cikin sakan 40 a jarrabawar JAMB

Wa yana nome gona shi kaɗai cikin kwana 10, ƙanensa kuma yana nome ta cikin kwana 15. Idan suka shiga gonar tare, kwana nawa za su yi? Duk manomin da aka yi wa wannan tambaya a ƙasar Birnin Gwari zai ce ba za su cika mako guda ba, ko da bai taɓa riƙe alƙalami ba. A ɗakin jarrabawa kuwa, inda tambayar ke zuwa da Turanci a kan allon kwamfuta, agogo kuma yana tafiya, ɗalibai da dama kan haɗa 10 da 15 su zaɓi 25, ko su raba jimillar gida biyu su zaɓi 12 da rabi. Amsar ita ce kwana 6.

Irin wannan tambaya ake kira lissafin aiki da lokaci. Tana cikin babin kwatanta adadi da saurin aiki a manhajar lissafi ta sakandare, kuma tana fitowa a jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB, da ta WAEC da NECO, da gwaje-gwajen ɗaukar aiki da hukumomi da bankuna ke shiryawa. Sigoginta suna da yawa, amma ƙa'ida ɗaya ce ke ɗauke da su duka: kwanaki ba sa haɗuwa, abin da ake haɗawa shi ne aikin da kowa ke yi a yini ɗaya.

Darajar tambaya ɗaya

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta mayar da jarrabawarta ta UTME kan kwamfuta baki ɗaya tun 2015. Ɗalibi yana fuskantar tambayoyi 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga darussa uku da ya zaɓa. Idan aka raba minti 120 ga tambayoyi 180, kowace tambaya na samun sakan 40. Maki 100 ne ga kowane darasi, wato tambayar lissafi guda tana ɗauke da maki biyu da rabi a matsakaici.

Maki biyu da rabi ba ƙaramin abu ba ne a wajen mai neman gurbi. A jarrabawar 2024, alƙaluman hukumar sun nuna cewa kashi 76 cikin 100 na waɗanda aka saki sakamakonsu sun sami ƙasa da maki 200 cikin 400. A 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, kuma fannoni irin su likitanci da injiniyanci a jami'o'i kamar Ahmadu Bello ta Zariya suna neman abin da ya fi haka nesa. Tambayoyi huɗu da aka ɓata saboda gaggawa sun kai maki 10, kuma maki 10 kan raba wanda ya sami gurbi da wanda zai jira wata shekara ya sake biyan kuɗin rajista.

Shekarun da karatu ya tsinke

Ɗalibin Birnin Gwari yana shiga wannan gasa ne da gibin da ba shi ya haƙa ba. Shekaru da dama 'yan bindiga sun yi sansani a dazukan da suka kewaye ƙasar, ciki har da dajin Kamuku, sun kuma mayar da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari abin tsoro. A watan Maris 2021 an sace malamai uku a makarantar firamare ta Rama. A ƙarshen Satumban wannan shekara gwamnatin Nasir El-Rufai ta sa an katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar, har da Birnin Gwari, na kimanin wata biyu. A ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe ɗalibai sama da 100 daga Kuriga, a Ƙaramar Hukumar Chikun, kan hanyar da ke zuwa Birnin Gwari. Sai a ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin ya buɗe kasuwar kara bayan sulhun da aka ƙulla.

Yaran da ke shirin zana JAMB a yanzu su ne suke ƙananan azuzuwa a waɗancan shekaru, lokacin da ake koyar da ɓangarorin lamba, irin su rabi da sulusi da ɗaya bisa goma sha biyar. Wanda wannan darasi ya wuce shi yakan ji tsoron duk tambayar da ke buƙatar haɗa 1/10 da 1/15. Sai dai yaron da ya tashi a Randagi, ko Kuyello, ko Dogon Dawa, yana da wani jari da ɗan birni ba shi da shi. Ya ga gayya, ya ga yadda ake cinikin jinga da 'yan ƙwadago, ya san abin da ke faruwa da rumbu idan baƙi suka sauka. Hanyar da ke tafe tana amfani da wannan sani, kuma kusan ba ta buƙatar ɓangarorin lamba.

Tushen lissafin

Idan wa yana gama gona cikin kwana 10, to a kowane yini yana nome ɗaya bisa goma na gonar. Ƙane mai kwana 15 yana nome ɗaya bisa goma sha biyar. Littattafan makaranta sukan haɗa waɗannan biyu: 1/10 da 1/15 sun zama 3/30 da 2/30, jimilla 5/30, wato 1/6. Tunda suna nome sudusin gonar a yini, za su gama cikin kwana 6. Hanyar daidai ce, amma tana da wuraren tuntuɓe guda biyu. Ana iya kuskure wajen daidaita lambobin ƙasa, ana kuma iya mantawa da juya amsar a ƙarshe, ɗalibi ya tsaya a kan 1/6.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ba gonar adadin kunyoyi. Tambayar ba ta faɗi girman gonar ba, saboda haka ɗalibi yana da damar zaɓar girman da ya fi masa daɗin aiki. Sai ya nemi mafi ƙanƙantar lamba da 10 da 15 ke shiga cikinta ba tare da saura ba, wadda malaman lissafi ke kira LCM. A nan 30 ce. A ce gonar kunya 30 ce. Wa yana yin kunya 3 a yini, domin 30 a raba 10 ya ba da 3. Ƙane yana yin 2. Tare suna yin 5. Kunya 30 a raba 5, kwana 6.

Matakai uku ke nan: a ƙayyade girman aikin, a fitar da rabon kowa na yini, a raba aikin da jimillar rabon. Duk sauran sigogin tambayar suna kan waɗannan matakai.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Malamin da ke rabon gado yana aiki da rabi, da rubu'i, da sumuni, da sulusi, da sulusi biyu, da sudusi. Idan sumuni da sudusi suka haɗu a mas'ala guda, sai ya mayar da dukiyar kashi 24, mai sumuni ya sami 3, mai sudusi ya sami 4. Wannan lamba ita ake kira asalin mas'ala, kuma aikinta ɗaya da kunya 30 ɗin da ke sama. Muhammad ibn Musa al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, ya ware babban sashe na littafin ga lissafin gado da wasiyya.

Akwai gajeriyar hanya ga mutum biyu kaɗai: a ninka kwanakin biyu, a raba da jimillarsu. 10 sau 15 ya ba da 150, a raba 25, 6. Tana da sauri, amma ba ta aiki yadda take idan mutane uku ne, kuma wanda ya haddace ta bai fahimci tushenta ba yakan yi amfani da ita inda ba ta dace ba.

Awon amsa kafin a zaɓa

Kafin ɗalibi ya fara lissafi, zai iya kawar da wasu daga cikin zaɓuɓɓuka huɗun da ke gabansa. Mutum biyu da ke aiki tare dole su riga mafi saurinsu gamawa, saboda haka amsar tana ƙasa da 10. Da ƙanen ya kai wan sauri, da sun gama cikin rabin 10, wato kwana 5. Tunda bai kai shi ba, amsar ta haura 5. Da wan ya yi jinkiri irin na ƙanen, da sun yi rabin 15, wato 7 da rabi. Ashe amsar tana tsakanin 5 da 7 da rabi. Idan zaɓuɓɓukan su ne 5, 6, 12 da rabi, da 25, to 6 ce kaɗai ta rage, ba tare da an taɓa fensir ba.

Idan aka ɓoye kwanakin ɗaya, ko ɗaya ya tafi

Mai tambaya yakan juya zancen. Wa da ƙane tare suna gama girbi cikin kwana 12, wa shi kaɗai cikin kwana 20. Ƙane shi kaɗai fa? Lambar da 12 da 20 ke shiga ita ce 60. Tare suna yin 5 a yini, wa yana yin 3, abin da ya rage na ƙane 2 ne. 60 a raba 2, kwana 30. Kuskuren da ake yi a nan shi ne ɗebe 12 daga 20 a ce kwana 8, alhali babu yadda mutum ɗaya zai riga mutum biyun da yake cikinsu gamawa.

Wata sigar kuma ita ce wani ya bar aiki a tsakiya. Lebura na farko yana gama aiki cikin kwana 12, na biyu cikin 18. Sun yi kwana 4 tare, sai na farkon ya tafi. Aikin kashi 36 ne. Na farko yana yin 3, na biyu 2, tare 5. Cikin kwana 4 sun yi 20, saura 16. Na biyu shi kaɗai zai ci kwana 8 a kan 16 ɗin. A nan ne karatun tambaya ke da muhimmanci. Idan an ce ƙarin kwana nawa na biyun zai yi, amsar 8 ce. Idan an ce kwana nawa aikin ya ɗauka gaba ɗaya, amsar 12 ce. Masu tsara tambaya sukan sa lambobin biyu a cikin zaɓuɓɓuka.

Gayya: mutane, kwanaki da awoyi

Idan tambaya ta zo da taron ma'aikata masu ƙarfi ɗaya, girman aikin yana fitowa daga ninka yawan mutane da yawan kwanaki. Mutum 12 suna girbe masara cikin kwana 10. Aikin ya zama yinin mutum 120. Mutum 8 za su yi kwana 15, mutum 15 za su yi kwana 8. Yawan hannu na ƙaruwa, kwanaki na raguwa, amma 120 ɗin tana nan ba ta motsi. Bahaushe ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma wannan lissafi yana nuna da nawa ya fi shi.

Idan aka shigo da awoyi, sai a ƙara su cikin ninkin. Mutum 9 da ke aikin awa 8 a yini suna gama gona cikin kwana 10. Aikin ya zama 9 sau 8 sau 10, wato 720. A ce dole a riƙa barin gona da wuri a dawo gida kafin yamma, kamar yadda manoman bakin daji suka sani sarai, aikin yini ya koma awa 6. Mutum 9 ɗin za su riƙa yin 54 a yini, su gama cikin kwana 13 da sulusi. Idan kuma ana so a gama cikin kwana 10 ɗin nan, sai a raba 720 da 60, a sami mutum 12. Ragin awa biyu a yini ya jawo wa mai gona biyan ƙarin lebura uku.

Wani lokaci girman aikin ne da kansa ke canjawa. Masu buga bulo 6 suna buga 900 cikin kwana 3. Nawa mutum 10 za su buga cikin kwana 5? A fara gano na mutum ɗaya a yini ɗaya: 900 a raba 18, bulo 50. Sannan 50 sau 10 sau 5, bulo 2,500. Komawa ga mutum ɗaya a yini ɗaya yana kare ɗalibi daga ruɗewa kan abin da za a ninka da abin da za a raba.

Tambayar abinci 'yar uwar wannan ce, kuma babu gidan da ya taɓa sauke 'yan uwan da suka baro ƙauyensu da bai san ta ba. Hatsin rumbu zai ishi mutum 12 wata 10. Bayan wata 4 sai mutum 6 suka ƙaru. Abin da ya rage shi ne abincin mutum 12 na wata 6, wato 72. Bakunan sun zama 18, saboda haka zai kai wata 4. Rumbun da aka sa ran zai kai wata 10 ya ƙare a wata na 8. Abin lura shi ne a fara ɗebe abin da aka riga aka ci kafin a raba wa sabon adadi.

Tanki mai yoyo

Tambayoyin famfo da tanki sun yi kama da wani babi na daban, amma lissafinsu ɗaya da na gona. Famfon da ke zuba ruwa ma'aikaci ne, ɓular da ke zubar da shi kuma mai warware aiki ce, saboda haka rabonta ɗebe shi ake yi. Injin rijiyar burtsatse yana cika tanki cikin awa 4, yoyo kuma yana zubar da cikakken tanki cikin awa 12. A ce tankin bokiti 12 ne. Inji yana zuba 3 a awa, yoyo yana kwashe 1, abin da ke tsayawa 2 ne. Tankin zai cika cikin awa 6.

Da famfo biyu da magudana ɗaya ma haka ne. Na farko yana cikawa cikin minti 20, na biyu cikin 30, magudana tana kwashewa cikin 15. Tankin kashi 60 ne: 3 da 2 sun zama 5, a ɗebe 4, saura 1 a minti. Cikawa za ta ɗauki minti 60. Da a ce magudanar tana kwashe 5 ko fiye a minti, da tankin ba zai taɓa cika ba, kuma akan yi tambayar da amsarta ke nan.

Wannan siga tsohuwa ce ƙwarai. A wani littafin lissafi na ƙasar Sin mai babi tara, wanda aka tattara kimanin shekara 2,000 da suka wuce, akwai tambayar tafki da magudanai biyar ke zuba wa ruwa. Ta farko tana cika shi cikin sulusin yini, ta biyu yini ɗaya, ta uku yini biyu da rabi, ta huɗu yini uku, ta biyar yini biyar. Idan aka ɗauki tafkin kashi 15, a yini ɗaya suna zuba 45, da 15, da 6, da 5, da 3, jimilla 74. Amsar ita ce 15/74 na yini, wato kaɗan ya haura ɗaya bisa biyar.

Idan ƙarfi bai zo ɗaya ba

Wasu tambayoyin ba sa ba da kwanakin kowa, sai su kwatanta ƙarfi. Wa ya ninka ƙane sauri, kuma tare suna gamawa cikin kwana 8. A ba ƙane kunya 1 a yini, wa 2, tare 3. Cikin kwana 8 sun yi 24, girman gonar ke nan. Wa shi kaɗai zai yi kwana 12, ƙane 24. Tarkon da ke nan shi ne ɗalibi ya ga kalmar ninki ya ba mai sauri kwanaki masu yawa, alhali mai ninkin sauri rabin kwanaki yake ci.

Akwai kuma wadda ke haɗa rukuni biyu. Magidanta 4 ko samari 6 suna gama aiki cikin kwana 15. Magidanta 2 da samari 2 fa? Kalmar "ko" tana nufin ƙarfin magidanta 4 daidai yake da na samari 6. A ɗauki wannan ƙarfi 12 a yini, magidanci ɗaya ya zama 3, saurayi ɗaya 2. Aikin shi ne 12 sau 15, wato 180. Magidanta 2 da samari 2 suna yin 6 da 4, jimilla 10, saboda haka kwana 18. Wanda ya karanta "ko" a matsayin "da" zai ɗauka mutum 10 ne suka yi aikin tare, daga nan kuma duk lissafinsa ya karkace.

Rabon kuɗin jinga

Kuɗin aiki yana bin yawan abin da mutum ya yi. Idan wa mai kwana 10 da ƙane mai kwana 15 suka karɓi jingar N60,000 suka yi tare daga farko har ƙarshe, rabonsu 3 da 2 ne. Kuɗin ya kasu gida 5, kowane gida N12,000. Wa ya sami N36,000, ƙane N24,000. Ɗalibin da ya raba kuɗin bisa 10 da 15 zai ba mai jinkiri kaso mafi tsoka, abin da babu ɗan ƙwadagon da zai yarda da shi a bakin gona.

Idan wani ya tafi a tsakiya, sai a ƙirga abin da kowa ya yi a zahiri. A misalin leburorin da ya gabata, na farko ya yi kwana 4 yana yin 3, wato 12 cikin 36. Na biyu ya yi kwana 12 yana yin 2, wato 24. Idan jingar N90,000 ce, na farko yana da N30,000, na biyu N60,000, duk da cewa na farkon ya fi sauri.

Karɓa-karɓa da aikin bibbiyu

Sigogi biyu ne suka fi cin lokaci. Ta farko ita ce aikin karɓa-karɓa, wannan yau, wancan gobe. Na farko yana gamawa cikin kwana 6, na biyu cikin 8, na farko ne kuma ya soma. Aikin kashi 24 ne, suna yin 4 da 3, wato 7 a kowane kwana biyu. Bayan kwana 6 an yi 21, saura 3. Rana ta bakwai ta na farko ce, mai yin 4 a yini, saboda haka zai gama cikin uku bisa huɗu na yinin. Amsar ita ce kwana 6 da uku bisa huɗu. Da na biyu ne ya soma, rana ta bakwai tasa ce, kuma 3 ɗin za su cinye masa yini guda cur, amsar ta zama kwana 7.

Ta biyu tana ba da kwanakin mutum uku bibbiyu. Na farko da na biyu kwana 12, na biyu da na uku 15, na farko da na uku 20. Aikin kashi 60 ne, rabon rukunan kuma 5, 4 da 3, jimilla 12. A cikin wannan jimilla an ƙirga kowane mutum sau biyu, don haka sai a raba ta biyu, a sami 6. Su ukun tare za su gama cikin kwana 10. Daga nan ana iya fitar da na kowa: na uku shi ne 6 a ɗebe 5, wato 1 a yini, zai yi kwana 60 shi kaɗai.

Inda lissafin ya saɓa wa gona

Tambayoyin jarrabawa sun ginu a kan zato biyu: cewa kowa yana aiki da sauri ɗaya daga safe har yamma, kuma ƙarin hannu ba ya hana wani hannu aiki. Manomi ya san ba haka abin yake ba. Noman hantsi ya fi na azahar, ƙasa mai danshi ta fi busasshiya saurin nomuwa, kuma mutum 10 ba za su haƙa rijiya da ninkin saurin mutum ɗaya sau goma ba, tunda ramin ba ya ɗaukar su duka. Ɗalibin da ya san gona yana bukatar ya ajiye wannan sani na ɗan lokaci a ɗakin jarrabawa, ya bi zaton mai tambaya, sai fa idan tambayar da kanta ta ce sauri ya canja.

A ɗakin jarrabawa

JAMB ba ta barin a shiga da waya ko kalkuleta ko agogo, sai ƙaramar kalkuletar da ke kan allo. Lissafin kunyoyi ya dace da wannan yanayi domin yawancinsa da ka ake yi, kuma ba ya jefa ɗalibi cikin dogayen lambobi irin 0.0666. Abin da yake bukata shi ne a san jadawalin ninki sosai, a kuma saba da lambobin da suka fi zama girman aiki: 12, 24, 30, 36 da 60.

Yana da kyau ɗalibi ya fara karanta jimlar ƙarshe ta tambayar, domin ita ke faɗin abin da ake nema: kwanakin duka ne ko waɗanda suka rage, na mutum ɗaya ne ko na taro. Sannan ya daidaita ma'auni, kada ya haɗa awa da minti. Idan famfo ɗaya yana cikawa cikin awa 1, ɗayan cikin minti 30, sai a mayar da su 60 da 30 kafin a soma. Tambayar da ta haura minti ɗaya ba ta warware ba, a wuce ta a dawo daga baya. A jarrabawar WAEC da NECO ta rubutu kuwa, ana ba da maki ga matakai, saboda haka sai a rubuta a fili cewa an ɗauki aikin kashi kaza, a jera abin da ya biyo baya.

Ga tambayoyi uku na gwaji, kowace a ba ta sakan 40. Tela ɗaya yana ɗinke kayan makaranta cikin awa 8, ɗayan cikin awa 24. Awa nawa za su yi tare? Magina 15 za su gama katanga cikin kwana 12, bayan kwana 4 mutum 5 suka tafi. Ƙarin kwana nawa sauran za su yi? Famfo yana cika tanki cikin awa 5, amma saboda yoyo sai ya yi awa 6. Cikin awa nawa yoyon zai zubar da cikakken tanki?

A ta farko aikin kashi 24 ne, 3 da 1 sun zama 4, amsar awa 6. A ta biyu aikin 180 ne, an yi 60, saura 120 ga mutum 10, amsar kwana 12. A ta uku tankin kashi 30 ne, famfo yana zuba 6, abin da ke tsayawa 5, yoyo yana kwashe 1 a awa, amsar awa 30.